Hoton 'Yan Tayi Shida

'Yata Auta ta haihu! Mace ce, Yaya, jiya da hantsi!

Gafarta mini, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon gwiwar ya lafa. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, kin san da furfurata na shiga ajin yamma na koyon rubutu.

Akwai abin da na ɓoye miki. Bayan shekara goma sha ɗaya ba haihuwa, likitoci suka haɗa ƙwan haihuwar Auta da na mijinta a asibiti, 'yan tayi shida suka kama. Ta kawo mini hotonsu, ɗigo-ɗigo kamar kumfar sabulu, ta roƙe ni in bar maganar a cikina. Ni kuwa na yi wa hoton firam da katako mafi kyau a shagona, na rataye shi saman teburin aiki. Duk wanda ya kawo gyaran kujera sai ya ga jikokina shida kafin ya tafi.

Sai sakamakon gwaji ya fito. Likita ta ce kowane ɗan tayi yana buƙatar zaren halitta, wanda ake gada daga iyaye, arba'in da shida daidai. Biyar daga cikinsu, wani ya yi ƙari, wani ya gaza, ba za su rayu ba. Na tambaye ta ko ba a iya rage ƙarin, yadda nake fere katako. Kai kawai ta girgiza.

Ranar Auta ta biyo layinmu idanunta a kumbure, tela da mai wanki suka tare ta da barka, suna kiranta uwar shida. Ta shigo shago, ta ga firam, ta juya. Wata goma ba ta ɗaga wayata ba. Ko labarin cewa an dasa mata na shidan ya zauna a mahaifarta, a bakin mijinta na ji. Yaya, na sha kuka a kan bencina.

Jiya na tsaya a ƙofar ɗakin masu jego, ƙafata ta ƙi shiga, sai da mijinta ya ce tana kirana. Ta miƙo mini jaririyar ba ta dube ni ba. Amma da ta gyara mini hannu a ƙarƙashin kan yarinyar, ba ta janye nata ba.

Wannan karon ita ta ce in sanar. Ku zo dukanku ku gan ta.

Ƙaninki mai kewarki,
Kafinta