Minti Arba'in da Biyu

Litinin, 3 ga Maris
'Yar ƙanena ta bugo waya. Wai ubanta na kwance, ƙafafu sun kumbura, yana ta kirana. "Baffa, na saya maka tikiti, jirgin gobe." Na ce na ji.

Ni za a gaya wa jirgi? Shekara talatin da ɗaya ina korar tsuntsaye da awaki a ɗan filin jirginmu. Ban shiga aji ba, a jikin akwatunan kaya na koyi baƙi, amma nisan filinmu da nasu yana cikin ƙafata. Da mai rediyo ya ce jirgi ya tashi daga can, sai in taka titinsa, in kai ƙarshe in dawo, sau biyu. Ina ajiye sanda yana sauka. Minti arba'in da biyu, in ji masu agogo.

Talata, 4 ga Maris
Na tsaya bakin shinge har jirgin ya tashi, kujerata ba kowa. Sanyi har zuciya.

Laraba, 5 ga Maris
Bari in rubuta, don kada a ce tsoho ya ƙirƙira. Kwana tara Inna ta yi a kwance tana jiran ƙanen nawa. A lokacin shi ke rubuta sunayen fasinja a filinsu, kujera kyauta gare shi, Talata da Asabar. Sau uku na share wa jirgin titi ina cewa yau kam yana ciki. Sai bayan mun rufe ta ya sauko, da baƙin gilashi, wai aiki ya riƙe shi.

Tara ta yi. Tara zai yi. Ran nan zan tsaya a kansa in ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris
Matar tawa, tana shanya: "Maigida, gawa fa ba ta jin gori." Na ce ai Inna ma ba ta ji haƙurinsa ba. Ta ce taurin kaina ko guduma sai ta yi kuka.

Asabar, 8 ga Maris
Jirgi na biyu ya tafi. Yarinyar ta sake ɗaga tikitin, ko ƙorafi babu. "Baffa, ya sa mun juya gadonsa wajen taga. Da ya ji ƙarar jirgi sai ya ce a ɗora ruwan shayi." Ya sha abinsa.

Na gwada tsohon sawuna ta bayan shinge. Kafin in gama zuwa ɗaya na zauna sau uku. Ƙafa ta zama ta aro.

Lahadi, 9 ga Maris
Ba ta bugo ba.

Litinin, 10 ga Maris
Yau ma shiru. Ban tambaya ba. Na dai sa an yi wa wayar caji.

Talata, 11 ga Maris
Kwana takwas. Laifin jirgi ne da ba ya tashi Laraba.

Ashe daga sama awaki ba sa ganuwa. Ina cikin jera maganganuna aka ce mun iso.

Ƙanen nawa ya zama kamar tsumma. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Yaya, ka rame." Ji mutum. Na buɗe baki zan fara, sai idona ya faɗa kan faratan ƙafarsa, sun yi zaƙo-zaƙo har sun lanƙwashe. Gida cike da masu ilimi. Na ce a ba ni reza.

Maganar tana nan. Sai ya iya zama tukuna, ba na faɗa da na kwance.