Fankar Ɗakin Wake

Zuwa ga ɗana Zulkifli,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya tsare ka a masana'antar takin nan taku ta Fatakwal, ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Mu nan Kusada alhamdu lillahi, an gama girbi. Mahaifiyarka na nan da ciwon gwiwarta, ni kuma da bakina. Ka yi haƙuri da rubutun, wanda ya bar makaranta a aji huɗu biro ma gardama yake masa. Na zaɓi takarda ne don maganar ta fi ƙarfin waya.

Ka tuna da Babbar Sallah kana mana bayanin aikinka a zaure? Ka ce ɗakin da mutane ke zama kuna cusa masa iska mai kyau har ta riƙa turo kanta waje ta kowace kafa, guba ta rasa hanyar shiga, ɗakin guba kuwa zuƙe iskarsa kuke yi ku fitar da ita ta bututu can sama. Na yi ta gyaɗa kai. Ashe rabin bayanin na ɗauka, rabin na bar shi a tabarma.

Da muka jera buhunan wake a ɗakin ajiya, na sa musu ƙwayar maganin ƙwari, mai warin tafarnuwar nan. Ka san bangon da ya raba shi da ɗakin matarka Salma bai kai rufi ba. Sai na ce yau uban injiniya zai nuna kansa. Na ɗaure fankar sola a tagar ɗakin waken tana hura iska ciki, na rufe ƙofa, har na kira maƙwabcinmu Ɗanmusa ya ga fasaha. Ya ce lallai ilimi gado ne, amma namu daga ɗa ya gangaro zuwa uba. Iskar kuwa ta matsu, ta haura bango, 'yarka Ulfa na barcin rana a ɗakin uwarta. Da amai da haki muka kai ta asibiti a Kankiya. Ka kwantar da hankalinka, an sallame ta, tana cin tuwo. Likita ya ce ko da na juya fankar daidai, wannan ƙwaya ba a sa ta a gidan da ake kwana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga shi a wuyana.

Daga asibiti surukinka Malam Sharafaddeen ya wuce da Salma da yarinyar zuwa gidansa a Bauranya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi ba za su dawo ba sai kai mijinta ka faɗa da bakinka cewa gidan ya zaunu. Na kwashe waken zuwa rumbun gona, na ja bangon har sama, na je ban haƙuri. Ya karɓe ni da fura mai sanyi, ya rako ni har bakin hanya, ni kaɗai. Gidanmu ya yi tsit. Ko wasa na yi, ba mai dariya, kuma na gaji da yi wa kaina.

Ɗakunan mutane kake dubawa kafin a bar kowa ya shiga. Ka nemi hutu ka zo ka duba namu. In ka ga bai yi ba, kada ka ji nauyina, ka bar su can. Gara in riƙa hawa babur ina zuwa ganin Ulfa.

Mahaifiyarka da ƙanwarka Fiddausi na gaishe ka. Ka gaida ɗan'uwanka Mudassir da iyalinsa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Sodangi