Ɗakin da Ya Tashi da Ni

Zuwa ga ƙanena Sani, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali, yaya yara, yaya kasuwar goro? Mu nan Fagge lafiya lau, sai dai gwiwa.

Ka ce ba ka dawowa, wai Kano ba abin kallo, Ikko ce birni. Na je Ikko, hayaniya ce kawai, ba mai amsa sallama. Kaduna kuwa ana isha'i gari ya mutu. To, saurara.

Ka tuna kududdufin da muke kamun tarwaɗa a hanyar Sabon Gari? An cike shi, an kafa dogon bene. Emeka, mai sayar mini da fitila tun kafin yaƙi, ya ja ni ciki. Muka iso wani ɗan ɗaki, na tuɓe takalmi a ƙofa, na yi sallama na shiga. Sani, ɗakin nan ya tashi da mu! Na damƙe rigar Emeka ina salati, yana ta dariya: "Baba, takalminka na ƙasa!" Na ce a bar shi can, ban taɓa shiga ɗakin mutane da takalmi ba.

Daga can sama na ga Dala, na ga Kantin Kwari, motoci kamar tururuwa. Ikon Allah! Na hango rimin da mahaifinmu ke zama a gindinsa, an jibge bulo kewaye da shi.

Ka zo kafin a sare shi. In na mutu, ba mai nuna maka wurin.

Ka gaida Hajara da yara. A sa mu a addu'a.

Yayanka, Garba.