Bencin Baya

Luggere, Jimeta
18 ga Janairu, 2015

Baban Debbie,

Gaisuwa a cikin sunan Yesu. Yaya jikinka, yaya ƙafar nan da ka gurɗe a kan dutse? Yaya sauran mutanenmu da kuke tare a Kamaru? Ni da Debbie lafiya lau. Adda Fanna, maƙwabciyarmu ta Mubi, ta sama mana ɗaki a gidan yayanta, ba su nuna mana bambancin addini ba ko sau ɗaya.

Akwai maganar da nake so ta iso ka daga bakina kafin 'yan tsegumi su riga ni. Wata uku ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, ban ko miƙa hannu ga gurasar nan mai tsarki ba. Ni da kaina na koma bencin baya a majami'a, inda ake zaunar da waɗanda dattawa suka sa a horo. Ka san mutanenmu, mace ta zauna a wurin nan mijinta ba ya gari, sun gama yanke hukunci. Har cikina ake leƙa a Zumuntar Mata. Ka kwantar da hankalinka, babu namijin da ya ga ko tafin ƙafata.

Abin ya fi wannan nauyi. Ranar da aka kawo hari Mubi muka rabu a guje, Adda Fanna ta zura mini hijabinta. Yaran daji masu bindiga suka tare mu a hanya, ɗayansu ya nuna ni da bakin bindiga ya tambayi sunana. Na ce Jannatu. Ya tambaya ko ni Kirista ce. Debbie tana bayana, ina jin numfashinta a wuyana. Philemon mijina, na ce masa a'a. Har na ƙara da rantsuwa, ba wanda ya ce in rantse.

Tun ina yarinya babu abin da nake marmari kamar in ga fuskar Ubangiji. Yanzu ranar nan ce nake tsoro. Idan na tsaya gabansa ya ce shi ma bai san ni ba fa? In na durƙusa yin addu'a, bakina sai ya yi nauyi kamar na cika shi da gari.

Ka amsa mini ta hannun direban da ya kawo maka takardar nan, ko faɗa ne ka yi.

Matarka,
Kwanye

Luggere, Jimeta
22 ga Fabrairu, 2015

Baban Debbie,

Salama. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Takardarka ta iso, na karanta har ta fara yagewa. Ka ce da kai ne da abin da za ka yi ke nan. Na gode, amma kai mijina ne, kuma ba kai na yi wa laifi ba.

Ka tuna Mama Kuve, matar Malam Tizhe mai bishara? Tana nan Jimeta, ita ke gasa gurasar Jibi yanzu. A gabanta aka yi wa mijinta tambayar da aka yi mini, ya amsa gaskiya, suka harbe shi. To ka gaya mini, da wane hannu zan karɓi gurasar da matar nan ta murza? In na hango ta a kasuwa, layin masu tumatir nake shigewa. Ta rasa miji amma tana waƙa ido a rufe kamar tana ganin wanda take yi wa waƙar. Ni da ban rasa kowa ba, in na rufe ido hijabi kawai nake gani. Kishinta nake ji, Allah ya gafarta mini.

Na gaji da ɓuya. Ranar Alhamis zan tashi a Zumunta in faɗa. In kora ce, a kore ni a kan gaskiya. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Kwanye

Luggere, Jimeta
6 ga Afrilu, 2015

Baban Debbie,

Barka da Ista, da fatan kana lafiya. Na faɗa. Sai wata ta fashe da kuka, ashe mu huɗu ne muka yi haka, kowa tana dakon nata a ɓoye. Mama Kuve ta ɗauki jakarta ta fita. Sati biyar ba ta gaishe ni ba. Fasto ya ce hanyar komawa cin Jibi a buɗe take, amma ƙafata ta ƙi.

Jiya da aka fara raba Jibi, na sunkuyar da kai a bencina. Sai na ji an damƙi wuyan hannuna. Ita ce. Fuskarta sharkaf da hawaye, ba ta ko dube ni ba, ta ja ni tun daga baya har gaba a idon jama'a kamar akuyar da ta ƙi shiga gida. Ta tsaya a kaina sai da na haɗiye gurasar.

Har yanzu tsoron ranar tsayawa gaban Ubangiji bai sake ni duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da safen nan na durƙusa, na gaya wa Ubangiji sunana na gaskiya, bakina kuma ya buɗe.

Debbie tana gaishe ka. Ka dawo mana.

Matarka,
Kwanye