Turarenka Ya Tsaya a Auyo

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Jidda? Ina Anti Falmata da yara? Mu nan Haɗeja lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Turaren da ka aiko ya iso, kuma wallahi ya fitar da ni kunya. Ka san fargabata ƙaurin bandar kifi, wanda ko sabulu ba ya raba ni da shi. Ranar da zan je Auyo gaida iyayen Hauwa, yarinyar da nake nema, na fesa sau uku kacal yadda ka ce. Da farko ƙamshin lemon tsami ya tashi, mai sanyi. Kafin mu sauka daga kwalekwale ya koma na itace, a kwance, ba ya hawa kai. Na yi gumi sharkaf, amma har la'asar yana nan a wuyan rigata.

Kuskurena ɗaya, na tafi da kwalbar a aljihu. Bayan sallah na fesa wa na kusa da ni, yadda muka saba. Baban Hauwa ya shinshina hannunsa ya ce, "Yaro, wannan ai na manya ne." Dattijo ya yaba, me ya rage? Na miƙa masa da hannu biyu.

Washegari ya aiko in turo magabatana, Yaya!

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Kuma don Allah ka aiko da wata kwalbar, kada ranar ɗaurin aure suruki ya fi ango ƙamshi.

Ƙaninka,
Bukar