Yaya Laminu, Na Bi Sawunka a Unguwannin Bangkok

Zuwa ga yayana Laminu, a duk inda wannan takarda ta iske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina gajiya, yaya zafin garin, yaya baƙunta? Ƙanwarka ce Zara'u, daga Bron, nan Faransa. Na san za ka yi dariyar Hausata, kai da kullum kake cewa ina magana kamar wadda ta koya a bakin rediyo. Yi dariyarka. Abin da zan gaya maka ya ƙi shiga Faransanci, sau uku ina rubutawa ina gogewa.

Na sa takardar a fili inda kowa zai gani, don ba ni da lambarka, ba ni da adireshinka, yau shekara uku. Wataƙila cikin 'yan kasuwarmu masu zuwa sari Bangkok wani ya karanta ya miƙa maka.

Inna tana kwance. Wata biyu da suka wuce ta faɗi a ɗakin girki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Kalmomin da suka rage mata ba su wuce uku ba: ruwa, to, Allah. Ran kwananta na huɗu a asibiti ina gyara mata matashi, sai ta dubi ƙofa ta ce, "Laminu."

Koma ka sake karantawa. Inna ce ta faɗa, da bakinta, kuma ta yi ta maimaitawa har la'asar.

Ni na san abin da ya kore ka, ba sai an gaya mini ba. Lokacin da Baba ya rasu kana can, ka je saro kayan butikinmu, kantin nan na unguwar Guillotière, ba ka samu jana'iza ba. Ka kira ran sadakar uku, falo cike da mata 'yan zaman makoki, ka ce in ba Inna. Ta karɓa, ta saurare ka, idon matan duk a kanta, ta ce, "Mun gode, Allah ya ba da lada." Ta miƙo mini talho kamar wani maƙwabci ne ya yi mata gaisuwa. Matan suka jinjina kai, wata har tana cewa Hajiya akwai kunya. Kai kuwa ka ce mini shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunanka ba, yau ma da ubanka ya mutu ba ta da kalma ɗaya taka. Bayan sati biyu lambarka ta daina shiga.

Kai ne ɗan fari, Yaya. A Damagaram inda ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kai "wancan" ne, kai ne "yaron nan". Amma a can akwai kaka da za ta goya ka, akwai gwaggo da za ta ɓoye maka ƙosai, akwai gida guda da zai yi ta kiran sunanka har ka gaji da amsawa. Inna ta ɗauko kunyar ta hau da ita bene na takwas a Bron, ta baro kakar da gwaggon a gida. Ka tashi kana kallon uwayen 'yan lakkol ɗinku suna sumbatar 'ya'yansu a bakin ƙofar makaranta, taka kuwa ta ce mini, "Gaya wa wancan ya sa rigar sanyi." Wa zai fassara maka? Ni yarinya ce, Baba yana kanti, ita kuma ko za a yanka ta ba za ta yi bayani ba.

Ranar da ta kira sunan na ce wallahi sai na nemo ka. Bayan sati uku na bar ta hannun Gwaggo Hajara maƙwabciyarmu, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na sami Alhaji Mato aminin Baba a shagonsa na unguwar Belleville. Ya ce rabonsa da kai ya fi shekara, a Bangkok, a kasuwar Pratunam ya hange ka, kana ganinsa ka sauya hanya. Ya ce, "'Yata, Bangkok ba gari ɗaya ba ce, garuruwa ne aka ɗinke wuri guda. Wanda ya so ɓuya, a bayan teburin mai shayi ma sai ya ɓace miki." Na ce na ji, zan je. Ya girgiza kai ya rubuta mini sunan masauki.

Taswirata ita ce tsofaffin saƙonnin muryarka. Ka tuna su? Lokacin da kake sabon zuwa, duk unguwar da ka shiga sai ka aiko mini da surutu na minti bakwai, ina ce maka ka cika ni. Ban goge ko ɗaya ba. Da su na yi kwana tara ina yawo, abin saurare a kunne, hotonka a hannu.

Pratunam na fara. Ka ce ita ce dillaliyar garin, ba ta da lokacin gaisuwa, kuma ba ka yi ƙarya ba. Riguna tun daga ƙasa har rufi, masu tura kaya a amalanke suna ihu a ba su hanya, dilolin da aka naɗe da leda an rubuta musu Kwatano, Yamai, Kano. Na ji Hausa ta fi sau goma a lungu ɗaya. Kowa ya san ka, Yaya, amma ba wanda ya san inda kake. "Ai Laminu Bafaranshe? Kwanaki dai na gan shi." Kwanakin nan nasu, in ka matsa, sai ka ji watan azumin bara ne.

Daga nan na tafi Nana, layin Larabawa da mutanenmu, inda ƙamshin turaren wuta da na gasasshen nama suke kokawa. Na nemo gidan abincin da ka ce ba shi da allo, sai ka bi ta gefen mai canji, ka hau matakala biyu, ka tura ƙofa mai launin kore. Yana nan. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ina hawaye, mai abincin tana zaton yaji ne. Ta ce da kana zuwa duk Lahadi, ka daina tun da wani ya tambaye ka labarin gida.

Ran Juma'a na je Bang Rak. Ka ce tsohuwa ce mai rufin asiri, tana sa sabon mayafi a kan tsohon zane. Na bi ta tsakanin dogayen benaye masu gilashi, na kutsa wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, sai ga tsohon masallacin da ka faɗa, da maƙabarta a gefensa, shiru kamar ba a tsakiyar birni ba. Bayan an sallame na tsaya a bakin ƙofar maza ina duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba kunya ba tsoron Allah, har wani dattijo ya miƙo mini waina irin tasu mai nama a ciki, yana zaton yunwa ce ta tsayar da ni. Ba zan ɓoye maka ba, kafin in fita sai da na zagaya maƙabartar ina karanta sababbin alluna. Ban ga naka ba, na yi hamdala, na zauna a ƙasa.

Na haye kogi zuwa Thonburi a kwalekwalen fito. Can kam garin ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Gidajen katako a kan ruwa, tsofaffi suna barcin rana a baranda, wata mata tana sayar da ayaba daga cikin jirginta. Na ga farin masallacin nan da aka gina da fasalin ɗakin ibadar mutanen garin, wanda ka ce sai da ka ga ana alwala ka yarda masallaci ne. Na so in ji daɗin wurin, wallahi na so. Amma duk abin da na gani mai kyau sai in ji haushinka, don ka riga ni ganinsa kuma ba ka nan.

Saƙo ɗaya ya rage, gajere, wanda ka yi maganar wata unguwar masaƙa da ake kira Ban Krua. Na hau jirgin da ke bin magudanar ruwa ta tsakiyar gari, wanda ake jan tamfol a gefe don kada baƙin ruwan ya fantsamo wa mutane. Na sauka na bi ƙarar masaƙa. Unguwar Musulmi ce, lungunanta a matse, zaren siliki ja da shuɗi a shanye a kan gora, kyanwoyi ko'ina. Ga manyan kantuna can ana hange, amma nan kamar ba su san da su ba.

A ƙofa ta biyar na nuna hoton ga wata tsohuwa mai farin kallabi, tana kaɗa zare. Ko ƙarasa miƙa hannu ban yi ba ta washe baki ta ce, "Laminu! Laminu!" Ta kira jikarta, ta sake faɗa. Ta nuna kujerar da kake zama, ta sake faɗa. Sau shida na ƙirga, Yaya, cikin minti ɗaya, a banza, kamar sunan ba shi da nauyi. Ban taɓa jin kishin mutum irin na ranar ba. A lokacin kuma na gane abin da ya zaunar da kai a garin nan.

Jikar tana ɗan jin Turanci, ni ma ɗan kaɗan, talho ya cike mana sauran. Ta ce kai ka gyara musu rufin da ke yoyo, kana kai kakarta asibiti, tana ajiye maka abinci. Ta ce kana zuwa ne in ka ga dama, wani lokaci sati, wani lokaci wata biyu. Na ce su ba ni lambarka. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ka sa ta yi alkawari ba za ta ba kowa ba, kuma ta riƙe. Na roƙa, na durƙusa, na yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Ta riƙe hannuna tana kuka ita ma, amma ba ta bayar ba. Ta kira ka a gabana sau uku, ba ka ɗauka ba.

Sannan jikar ta ce abin da ya fi komai ci mini rai. Ta ce ka gaya musu ba ka da uwa. Haba, Yaya. Haba!

Na ba su labarin duka, da kunyar, da faɗuwar, da sunan. Tsohuwar ta ce ta san halinka, ba za ka yarda da faɗar wani ba. In na ɗauki muryar Inna a talho in bar mata, ita za ta sa maka a kunne da hannunta.

Ban ɗauka ba. Sati uku Inna tana kiran sunanka safe da yamma, talho yana cikin jakata, ban ɗauka ba. Duk lokacin da ta faɗa sai in kawar da kai in shiga gyaran zanen gado, kamar na gan ta ba sutura. Ni da nake zagin al'adar a kan titin Bangkok, ashe ni ma 'yar gidan ce. Na ce wa tsohuwar ba komai, da na koma zan ɗauka in aiko wa jikarta.

Na kwana biyu ina komawa, ina zama a kan kujerarka tun safe har magariba. Gwaggo ta kira ta ce jikin Inna ya motsa, in taho. Na taho.

Yau kwanana goma sha ɗaya da dawowa. Kullum ina hawa tiram, jirgin cikin gari, in je asibitin, in zauna a gefenta, in kunna abin ɗaukar murya in aje kusa da matashi. Tana duban ƙofa kamar da. Tana buɗe baki, leɓenta yana rawa, sai iska ta fito. Likita ya ce ciwon shanyewar ya sake ɗan bugun ta lokacin ina can, kuma maganar na iya dawowa, na iya ƙin dawowa. Har cewa na yi, "Inna, wa kike nema? Faɗi in ji." Ta dube ni, hawaye ya gangaro ta gefe guda. Talhona ya cika da numfashinta, awa da awanni, ba sunanka a ciki ko sau ɗaya.

Ba ni da shaidar da zan aiko maka. Ba ni da komai sai bakina, ni da Gwaggo da wata ma'aikaciyar jinya da ta tambaye ni ko Laminu sunan mijinta ne. Ban san yadda zan sa ka yarda ba, ban san ko takardar nan za ta kai gare ka ba, ban san kwana nawa suka rage ba. Ban ce ka yafe ba, ban ma ce ka zo ba in zuwan ya yi maka nauyi. Lambata ba ta sauya ba. Ka kira, in kara mata a kunne, ka ce, "Inna, na'am." Ta kira ka, kuma har yau ba a amsa mata ba.

Allah ya tsare ka a duk unguwar da ka kwana. Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri, duk da ta hana ni. Allah ya kwance harshen Inna ko sau ɗaya ne, ya sa kana kan layi a lokacin. In kuma bai ƙaddara ba, ya ba ka ƙarfin ɗaukar abin da zai biyo baya, don ni ban san yadda zan taya ka ba.

Wassalam.

Ƙanwarka da ke zaune a gefen gadon,
Zara'u