Tikitin Araha da Doyar Mama

Daren Talata, Tunga

Yau dai Mama ta yarda za ta hau jirgi zuwa Legas ganin jaririn Hauwa. Dama tafiyar mota da ciwon bayanta ta dame ni.

Arahar tikitin ce ta tsorata ta. "Ke Zainab, ba mai suke ragewa ba kuwa?"

Na ce mata mai da albashin matuƙi sai an biya ko jirgi bai cika ba, gara su karya farashi da kujera ta tashi ba kowa.

Ta ce, "To, tunda akwai kujerar banza, doyata ta zauna."

Mun dai daidaita: doya ta bi mota, Mama ta bi sama.